Wanda Ya Ɓata Ya Tsaya

Malam ya koyar da labarin ƙasa a sakandare har kansa ya yi fari fat, kuma yana alfahari da cewa babu ɗalibin da ya bar ajinsa bai iya karanta taswira ba. Shi ya sa ranar da bas ta wuce da shi unguwarsu ta kai shi ƙarshen layi, inda babu kowa sai masu wankin mota da wani kare mai barci, labarin ya zaga dangi kafin shi ya dawo gida. Ya yi bayani cewa littafi yake karantawa, kuma mutumin da ya san sunan wurin da yake ba a cewa ya ɓata. 'Yarsa ta saurari bayanin har ƙarshe, irin sauraron da ake yi wa mara lafiya.

Ita kaɗai ya haifa. Tun tana ƙarama yake kiranta Hukuma, don ba ta taɓa roƙon abu ba, sanarwa kawai take yi. Da ta girma aka ba ta shugabancin wani sashe a ofis, sunan ya ƙara zama daram. Tun rasuwar mahaifiyarta take binsa ya bar ɗakunansa biyu da ke hawa na uku a saman shagon mai gyaran agogo, ya koma ɗakin baya na gidanta. Ɗaki ne mai tsabta, da taga mai kallon bangon maƙwabci, da wurin da zai ɗauki kantar littattafai guda ɗaya. Littattafan Malam kuwa sun cinye bangayen ɗakunansa, sun fara cin ƙarƙashin gado.

A ranar bas ɗin, da ta gaji da musu, ta ce to a yi haka: za ta bar maganar, amma in ya sake ɓata ko sau ɗaya, zai tattara ya biyo ta ba gardama. Girman kai ya ɗebi Malam ya ce ya yarda, a gaban mijinta kuwa. Malam yana da halaye marasa daɗi da yawa, shi ma ya sani, marigayiya ta sha ƙirga masa su. Amma saɓa alkawari ba ya ciki.

Mijin nata likitan haƙori ne, mutum mai sanyin hali. A wurin aiki shi ke surutu, mutanen da ke gabansa bakinsu a buɗe ba damar amsawa. A gida sai abin ya juya. Ɗakin bayan nan da ake magana, a ciki yake ajiye kifayensa a akwatin gilashi, da wata doguwar kujera da yake kishingiɗa a kai ranar hutu. Bai taɓa cewa komai a kan ƙaurar surukinsa ba. Malam dai ya lura duk lokacin da aka ɗauko zancen, Likita yakan tashi ya je ya ba kifaye abinci.

Tafiya wani tsohon filin yaƙi, da aka gina wa gidan tarihi, shawarar Hukuma ce. Malam ya daɗe yana son zuwa. Tudun da aka yi yaƙin a kansa ya zana shi a allo shekara da shekaru, ya karanta abin da masu nasara suka rubuta da abin da waɗanda aka ci suka rubuta, ya ga duka ɓangarorin sun iya ƙarya daidai gwargwado. Shi da marigayiya sun yi ta cewa za su je in ya yi ritaya, sai ta riga shi yin ritayar da ba a dawowa. Don haka da aka ce ya shirya, ya shirya. Amma ya san 'yarsa. Fili mai faɗi, hanyoyi barkatai, tsoho mai son tsayawa karatu: wannan ba yawon buɗe ido ba ne, jarrabawa ce, kuma ya ba da jarrabawa da yawa a rayuwarsa, yana gane ƙamshinta.

Wayar da ta saya masa ya bar ta inda take zama, a durowar cokula. Da ta tambaya a mota ya ce ya manta. Ta kalle shi ta madubi, sai da suka sauka a ƙofar gidan tarihin, tana kulle jakarta a ɗan akwatin ajiya, sannan ta ce, "Baba, ka dai tuna dokar Mama."

Ya tuna. Dokar ta samo asali ne a wata babbar tashar jirgin ƙasa, ranar da Hukuma tana 'yar mitsitsiya ta saki hannun uwarta ta bi wani mai sayar da balan-balan. Bayan an same ta, marigayiya ta kafa doka a gidan: wanda ya ɓata ya tsaya inda yake, kada ya motsa ko taku ɗaya, ɗayan shi ne mai nema. Doka ce mai kyau, ta yi musu aiki a kasuwanni da asibitoci da wuraren biki. Gibi ɗaya ke gare ta, ba ta faɗi wa zai yanke hukuncin wane ne ya ɓata ba. A zamanin marigayiya ba a buƙatar wannan, kowa ya san ita ce mai nema, sauran mutanen gida ɓatattu ne tun daga ƙofa.

Gidan tarihin gini ne na kankare, rabinsa a cikin ƙasa, da sanyi a ciki kamar randa. Suna shiga suka ci karo da wata igwa da bakinta ya tsage ya baje kamar ɓawon ayaba. Daga nan sai akwatunan gilashi jere: hulunan kwano masu huji, takalman da laka ta mayar kamar itace, cokula, reza, maɓallai, wani agogon aljihu da ya narke gefe guda. Malam ya fi daɗewa a gaban cokulan. Kowane soja ya yi wa nasa alama da ƙusa don kada a ɗauke masa. Mutum yana jiran mutuwa daga sama, amma hankalinsa na kan kada abokinsa ya sace masa cokali, wannan ya burge Malam fiye da duk lambobin yabon da ke ɗaya bangon.

Likita ya maƙale a gaban kayan aikin wani likitan haƙori na soja, da 'yan filayoyin cire haƙori masu tsatsa da kujerar katako mai igiyar ɗaure hannu. Ya ce gaskiya sana'ar ba ta canza sosai ba, kujerar ce aka ƙara wa katifa. A ɗaki na gaba akwai bahon wanka na wani janar, da aka riƙa jan sa a keken doki duk inda ya yada zango, can nesa da inda harsashi ke kaiwa. Malam ya ce ga mutum ɗaya da ya fita daga yaƙin nan da tsabtarsa. Hukuma ta ce ya rage murya. Tun shigarsu tana riƙe da gwiwar hannunsa, kamar wadda ta ɗauko tulun da ya tsage.

A tsakiyar ginin akwai wani faffaɗan teburi da aka ƙera filin yaƙin a kai, da tudun, da kogi, da ƙananan fitilu ja da shuɗi. Wata ma'aikaciya mai doguwar sanda ta tara baƙi tana bayani da muryar wadda ta haddace. Ta danna, fitilu ja suka matsa gaba kamar faɗin yatsa. Ta sake dannawa, shuɗi suka mayar da su. Daga nan, in ji ta, sai kowane ɓangare ya haƙa rami ya shige, aka zauna wata da watanni, kowa yana jiran ɗayan ya fara motsawa.

"Na san irin wannan yaƙin," in ji Malam. "Na yi aure."

Wata tsohuwa da ke kusa da shi ta ƙyalƙyale da dariya har sai da ta dafa teburin. Hukuma ta ja shi suka fita.

A waje rana ta fito sosai, iska na kaɗawa. Likita ya ga rumfar mai shayi sai ya tuna takalminsa na matsa masa. Ya karɓi wayar matarsa, don rigarta ba aljihu, ya ce zai jira su a nan. Malam ya so ya ce masa Allah ya yi maka albarka, ya dai haɗiye.

Filin ya fi yadda ya zata kyau, har ya ɗan ji haushin hakan. Ƙasar duk ta yi tudu da kwari kamar tsohuwar katifa, ciyawa kore shar ta rufe ta, furanni ja da ruwan ɗorawa sun fito a bakin ramukan bom, ruwan sama ya taru a wasu har kwaɗi sun kafa gari. Itatuwan duk sa'annin juna ne, don babu wanda ya tsira daga na da. Tumaki ne ke aske ciyawar, saboda an ce har yanzu akwai abin da ke kwance a ƙarƙashi wanda ba ya son ƙarar inji, tunkiya kuwa ba ta da nauyi kuma ba ta karanta allon gargaɗi. Su baƙi an ce kada su bar hanya.

Hanyar ita ce ramukan sojojin da aka gyara. Zurfinsu ya wuce tsayin mutum, an jera katako a ƙasa, an tokare bango da buhunan siminti. Kuma ba a miƙe suke ba, kwana ne bayan kwana kamar haƙorin zarto. Malam ya yi wa 'yarsa bayani cewa da gangan aka haƙa su haka, don in bom ya faɗa ciki ya kashe mutanen kwana ɗaya kawai, na gaba su ci gaba da shan shayi. Ta ce ta gane, ya dai kula da ƙafarsa. Alhali ita ce sanye da takalmi mai tsini.

Suna cikin haka sai ga ayarin tsofaffi, 'yan wata ƙungiyar masu ritaya, kowa da hula ruwan ɗorawa, sun cika ramin suna surutu. Malam ya raɓe cikin wani ɗan ɗakin kankare da ke jikin bango don su wuce. A cikin ɗakin akwai siririyar taga da aka yi don bakin bindiga. Ya leƙa, sai ga tudun nan a gabansa sak. Ya tsaya yana kallo. Shekaru yana zana wa yara shi kamar dutse mai tsini, ashe ɗan tudu ne da tsohuwa za ta hau da kaya a kai ba ta huta ba. A kan wannan aka ƙarar da samarin ƙasashe. Ya so a ce marigayiya na nan ta ce, "Wannan ne?" da irin muryar da takan yi in ya kawo nama daga kasuwa.

Da ya fito, babu ayari, babu Hukuma. Ya gane abin da ya faru: sun tura ta gaba, ita kuma ta ga furfura ta ko'ina ta ɗauka tasa na ciki. Gaba kaɗan ramin ya rabu biyu.

Malam ya tsaya, sai kuma ya yi sauri ya ɗaga ƙafa, kamar wanda ya taka wuta. Tsayuwa a gidansu magana ce. In ta dawo ta same shi a tsaye, ya amsa laifi da ƙafafunsa, sai ɗakin baya da kantar littattafai ɗaya. Ya zaro 'yar taswirar da aka ba su a ƙofa, ya dubi rana, ya dubi inuwar bango. Ya san inda yake sarai: layi na biyu, arewa da tudu. Mutumin da ya san inda yake bai ɓata ba. Tunda kuwa a cikin mutum biyu dole ɗaya ya ɓata, to ita ce. Ya gyara zaman hularsa ya bi hannun dama, neman 'yarsa.

Gaskiya ya ji daɗin neman nan. Rabonsa da tafiya babu hannu a gwiwarsa tun safe. Ya bi kwana ya fita kwana, ya wuce wani wuri da aka bar waya mai ƙaya ta yi tsatsa har ciyawa ta nannaɗe ta, ya wuce wata rijiyar da aka rufe da ƙarfe. A wani wuri ramin ya hau sama, ya hango gonaki bayan shinge, da tarakta tana huɗa, da tulin ƙarafan da manomi ya tono ya jibge a gefen gona kamar yadda ake jibge duwatsu. Tsuntsaye sai kuka suke yi a sama, ba ruwansu. Har ya kama kansa yana fito.

A wata kwana ya ga ƙafafu biyu suna lilo daga sama. Makiyayin tumakin ne, wani dattijo mai sanda, zaune a bakin ramin da 'yar rediyo a aljihun gaba. Suka gaisa. Malam ya tambaya ko ya ga wata mace mai shuɗiyar riga, mai tafiya kamar za ta kama ɓarawo. Makiyayin ya ce yanzun nan ta wuce, tana cigiyar mahaifinta da ya ɓata.

"Ita ce ta ɓata," in ji Malam.

"Ta ce haka za ka ce."

Ya nuna masa inda ta bi. Malam ya yi godiya a taƙaice ya ƙara sauri. Ashe ita ma nema take. Abin da bai yi tunani ba kenan, kuma da ya yi tunani da ya gano, don jininsa ce. Mai nema biyu, babu mai tsayawa, a cikin ramin da ba ka ganin abin da ya wuce taku kaɗan a gabanka. Ya yi lissafi irin na malami: in ta bi da'irar ta hagu, shi ya yanke ta tsakiya, zai tare ta a wajen rijiya. Ya yanke ta tsakiya. A wajen rijiya ya sami masu hula ruwan ɗorawa suna ɗaukar hoto, tsohuwar nan mai dariya ta ce ai 'yarsa ta juya baya tun ɗazu, ta ce ita ma za ta yanke ta tsakiya ta tare shi.

Gwiwoyinsa suka fara magana. Ya yi kunnen uwar shegu da su ya ci gaba. Can sai ga ƙafafu biyu suna lilo, ga rediyo. Makiyayin ya dube shi daga sama da fuskar wanda ya sami abin kallo kyauta. Ya ce in suna so, akwai lasifika a gidan tarihin, ana sanar da yara da tsofaffin da suka ɓata, har nan ake ji. Malam ya ce in ya ji an kira shi a lasifika, zai bar hanya ya shiga cikin tumaki ya taka duk abin da Allah ya sa ya taka. Makiyayin ya yi dariya. Sannan ya ce 'yar Malam ta sake wucewa, amma wannan karon ba ta tsaya hira ba, takalmanta a hannu, kuma fuskarta ba kamar ta farko ba.

Malam bai tambayi yadda fuskar take ba. Ya yi gaba, a kwana ta biyu ya ga abin: tsinin takalmi, baƙi, ya maƙale tsakanin katako biyu ya karye. Ya sunkuya da ƙyar ya zare shi. Ya dubi katakon da ke ƙasa, tsoho ne, duk sartse, ga kawunan ƙusoshi sun ɗago nan da can. A kan wannan take gudu ba takalmi. Kuma ba za ta daina ba, ya san wannan kamar yadda ya san sunansa. Za ta zaga ramukan nan har tafin ƙafarta ya tsage, muddin yana tafiya, don ba a haife ta da wurin da ake ajiye haƙuri ba, kuma ya san daga wa ta gaji rashin.

Ya tuna ranar tashar jirgin. Shi ne ya fara hango ta a gindin wani ginshiƙi, balan-balan ya tafi, bakinta na rawa amma ta ƙi kuka don kada a ce ta yi.

Ya sa tsinin a aljihu. Ya matsa gaba kaɗan zuwa inda wata 'yar gadar katako ta ƙetare ramin ta sama, don ya fi sauƙin kwatance, ya jingina da bango, ya haɗa ƙafafunsa. Ya tsaya.

Tsayuwa ba baƙuwarsa ba ce. Rabin zaman aurensa a tsaye ya yi shi, a bakin shaguna da ƙofofin asibiti, da littafi a hannu, hankali kwance, don ya san ana zuwa. Abin da ya daina kenan tun da aka binne mai zuwan. Yanzu ba littafi, sai ya shiga zaɓen littattafan da za su bi shi ɗakin baya. Ya cika kantar a ransa, ya sauke, ya sake cikawa. Manyan taswirori ba za su shiga ba. Ya yi tunanin mai gyaran agogo da suke gaisawa kowace safiya ba tare da ɗayansu ya taɓa tambayar ɗaya lafiyar iyali ba, abota mafi daɗi da ya taɓa yi. Wata tunkiya ta leƙo daga sama tana tuƙa, ta kalle shi, ta ga ba abin ci ba ne, ta tafi. Inuwa ta matsa daga wannan bango ta fara hawa wancan. Hukuma ba ta zo ba. Ya fara jin haushi: mutum ya ba da kai, a rasa mai karɓa.

Sai ya ji taku a kan gadar. Likita ne, da kofunan takarda biyu a hannu, yana tafiya a hankali kada shayi ya zube. Ya tsaya a tsakiyar gadar ya leƙo.

"Baba, sannunku da tsayuwa."

Sannan ya juya kansa ɗaya gefen gadar, ya leƙa ƙasa.

"Ke ma sannu da tsayuwa."

Malam ya ɗaga ƙafa ya zagaya kwanar. Ga ta nan jingine da bango, ƙafafu a haɗe, takalma a hannu, gyalenta ya karkace, babban yatsanta na dama da ɗan jini. Tsakaninsu bai fi tsawon tabarma biyu ba. Suka kalli juna. Ita ta fara kau da kai.

Likita ya sauko ya miƙa musu shayi, ya yi bayani ba tare da an tambaye shi ba, abin da bai saba ba. Da ya ga sun daɗe sai ya hau hasumiyar kallo da ke bayan rumfar, ya sa ido a madubin hangen nesa. Ya gan su tsaf, hula ɗaya da gyale ɗaya suna zaga tudu, in wannan ya shiga nan waccan ta fita can. Matarsa ta tambaye shi me ya hana shi saukowa tun lokacin. Ya ce ya auna ya ga ba zai iya kamo ko ɗayansu ba, sai ya jira su gaji. Ta tambaya wa ya fara tsayawa. Ya ce lokacin yana kan matakala, bai gani ba, kuma ya faɗi haka yana kallon cikin kofin da ba nasa ba.

Malam ya kurɓi shayin. Ya yi sanyi, sukari ya yi yawa. Ya ce ba sai an nemi shaida ba, ya tsaya, kowa ya gani, kuma ya san abin da ya ce a gaban mutane. A ba shi zuwa ƙarshen wata ya rarraba littattafai. Likita ya runtse ido kamar wanda aka taɓa masa jijiyar haƙori.

Hukuma ba ta yi murna ba. Ta dubi bangon dama, ta dubi na hagu, duk buhunan siminti iri ɗaya.

"Baba, ina ne nan?"

"Layi na biyu, arewa da tudu."

"Ta ina ake fita?"

"Hagu, hagu, sannan dama a wajen wayar nan mai ƙaya. Za ki ga bayan rumfar shayi."

Bai zaro taswira ba. Ta ce ita tun zagaye na biyu ba ta san gabas da yamma ba, duk kwanar da ta shiga sai ta ga kamar ita ta bari, shi ya sa ta tsaya, don ta ɓata, ɓata na gaske, har ta fara karanto addu'o'in da ta manta ta iya. Ta ce ya wuce gaba su gani. Ya wuce gaba. Hagu, hagu, dama a wajen waya, sai ga bayan rumfar shayi da tulin kwalaye da mai shayin yana wanke tukunya.

Ta zauna a benci, mijinta ya durƙusa yana duba yatsan da irin kulawar da yake yi wa turmin haƙori. Ta ɗago ta dubi mahaifinta ta ce to tunda ya san hanya haka, me ya tsayar da shi? Malam ya ce gwiwa. Ta ce ƙarya ne, ta san gwiwarsa, ba ta taɓa hana shi abin da ya sa kansa ba. Sai ya sa hannu a aljihu ya ajiye mata tsinin takalmin a kan benci. Ya ce ta kai wa mai gyara, ƙila ya manne, kuma nan gaba in za a zo filin yaƙi a sa takalmin mutane.

Ta ɗauki tsinin tana juya shi a hannu. Da ta buɗe baki, muryar ofis ce ta fito, sai dai ta ɗan dushe. Ta ce alkawarin a kan ɓata aka yi shi, ba a kan tsayuwa ba, kuma yau mutum ɗaya ne ya ɓata a gidan nan. Malam ya ce wannan kuwa ta riga tana zaune a gidan wanda ya samo ta, hukuncinta ya hau kanta tun tuni. Ta ce kada ya yi saurin baki, da sharaɗi: waya za ta fito daga cikin cokula, ta shiga aljihu, ta zauna a can. Ya buɗe baki zai yi jawabi a kan igiyar da ake ɗaura wa akuya, sai ya dubi yatsan nata ya rufe. Likita ya miƙe ya ce bari ya ƙaro shayi, mai zafi wannan karon, ya tafi da sauri har yana ɗan tsalle, takalmin da ke matsa masa ya warke.

Da la'asar sakaliya suka sauke shi a ƙofar shagon mai gyaran agogo. Suka ɗaga wa juna hannu shi da mai shagon, ba wanda ya tambayi wani komai. Ya hau matakala yana hutawa a kowane hawa, ya buɗe ƙofa, ƙamshin tsohuwar takarda ya tare shi. Ya je kicin ya ja durowa. Yana ɗaukar wayar ta fara ruri a hannunsa, har ya kusa yar da ita. Ya danna wuri biyu da ba su ba kafin ya dace.

"Baba, kana ina?"

Ya dubi kantocinsa, da manyan taswirorin da ke naɗe a lungu, da tagar da ke kallon titi.

"Ina tsaye," ya ce. "Amma kada ki zo."